Mazarin Ladingo da Rigar Nomau

A garin Tungar Marke, can bakin wani babban kogi, an yi wata mace mai kaɗi ana ce mata Ladingo. Tana da wani mazari wanda in ta murza shi sau ɗaya da hantsi, ba ya tsayawa sai ta ce masa ya isa. Ba wanda ya san inda ta samo shi, ita kuma ba ta faɗa ba.

Ladingo tana da ƙane guda, Nomau. Uwarsu ta rasu yana goye, ita ta ɗauke shi ta rene shi, ta yi ta kiransa Auta har furfura ta fito masa. Nomau shi ne mai awon inuwa na garin. Yana da sanda kafe a ƙofar masallaci, yakan auna inuwarta da tafin ƙafarsa, ya gaya wa ladan azahar ta yi ko la'asar ta shiga. Mutane suna ganin girmansa. Shi ma yana ganin girman kansa, har ya ɗan fi yadda suke gani.

Ran wata kasuwa Dagaci Barmo ya yi baƙi daga ƙetaren kogi. Ya zaunar da su a gindin marke, ya sa aka kira Nomau don su san garinsa ma akwai masani. Nomau ya zo da babbar rigarsa, wadda Ladingo ta yi rani biyu tana kaɗa zarenta. Ya tsaya yana bayani, yana nuni da hannu: rana takan fito daga gabas, ta hau, ta gangara yamma, ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta dawo, taurari kuma suna bin sawunta kamar garke bayan makiyayi.

Ladingo tana zaune kusa da rumfar masu auduga, da taskirarta da allinta. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Auta, ba su ke tafiya ba. Mu ne ke juyawa."

Wani baƙo ya waiwaya. "Me tsohuwa ta ce?"

"Cewa na yi ƙasar nan kamar gululu take," in ji Ladingo, ta nuna dunƙulen yumɓun da ke gindin mazarinta. "Ku dubi tururuwar nan da ta hau nawa. Da za ku tambaye ta, sai ta rantse kasuwar nan ce ke zagaye ta, da marke, da dagaci, da rawaninsa."

Wuri ya ɓarke da dariya. Baƙon ya dafa ƙasa da hannu biyu ya ce, "Ku riƙe ni, jama'a, kada in zube!" Ɗan'uwansa ya ce, "Ashe shi ya sa nake jin jiri tun da na sha furar garin nan." Na ukunsu ya dubi Nomau ya ce, "Malam, a wurinta ka yi karatun?"

Nomau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Dagaci kuwa bai yi dariya ba, an taɓa rawaninsa a gaban baƙi. Ya ce, "Nomau, yayarka lafiyarta ƙalau kuwa?"

A al'adar garin, ba a sa mutum a turu sai wani na jininsa ya shaida ya taɓu, kuma ba a cire shi sai bakin da ya sa shi ya cire shi. Nomau ya san wannan. Ya kuma san da safen nan Ladingo ce ta tuna masa inda ya manta carbinsa. Duk da haka ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mata uzuri. Ta ɗan taɓu, an kwana biyu."

Mazarin ya tsaya cak, ba wanda ya ce masa ya isa. Ladingo ta dubi ƙanenta, sai ta kakkaɓe allin hannunta ta miƙe.

Aka kai ta bayan gidan dagaci, aka zura ƙafarta cikin kututture mai rami aka buga fegi. Aka ce ran kasuwa mai zuwa wani mai magani zai zo daga bayan duwatsu ya tafi da ita. Waɗanda ya tafi da su ba a taɓa ganin wanda ya dawo da hankalinsa ba, ko da kuwa da shi ya tafi.

Kwana biyu Nomau yana shari'a da kansa. Ya ce ai ba ƙarya ya yi ba, kowa na ganin rana tana tafiya, wanda ya musa abin da ido ya gani kuwa hankalinsa da saura. Yakan ci wannan shari'a har sau goma a yini, amma kullum tuwonsa kwana yake a akushi. A rana ta uku ya yanke cewa laifin mazarin ne. Ya ɗauke shi da tsakar rana, lokacin da mai hankali ba ya zuwa bayan gari, ya kai shi tsohuwar rijiyar da aka daina ɗiba, ya jefa.

Bai ji ƙarar faɗuwarsa ba. Sai wata iska mai sanyi ta taso daga ciki, wata mace ta biyo ta, doguwa kamar giginya, yatsunta fari fat da alli, mazarin a hannunta.

"Ya kai ɗan Adam, wa ya jefe ni da kayana?"

Nomau ya zube a ƙasa. "Ranki ya daɗe, ban san da kowa a ciki ba."

"Ni ce Uwar Abawa. Ni na ba yayarka wannan, ranar da ta kaɗa mini zaren likkafanin ɗana ba ta tambaye ni ko ni wace ce ba. An ce ka yi shaida. Abin da ka shaida, ka gan shi?"

"Na ga rana tana tafiya da idona."

"Ba a kan rana ka yi shaida ba. Amma tun da a bayan ranar ka ɓuya, da ita za mu fara."

Ta kafa mazarin a bakin rijiya, ta zaro bakin zare daga gefen babbar rigar Nomau ta ɗaure a kansa. "Shiga. Duk takun da ka yi, rigar nan za ta warware. In ka iso mazaunina kafin ta ƙare, za ka ga abin da ka yi shekara talatin kana awo, ka koma gida. In ta ƙare kana hanya, can za ka tabbata, yayarka kuma ba sauran bakin da zai cire ta."

Nomau ya yi bisimilla ya shiga.

Gindin rijiyar ya buɗe ga wani fili wanda ba shi da iyaka. Nan ya tarar da wasu mutane sirara kamar sillen kara, dugaduginsu duk sun cinye, suna sheƙa gudu yamma. Da gudu suke cin abinci, da gudu mata ke shayarwa, sarkinsu ma da gudu yake yanke hukunci.

"Ya kai baƙo, shigo sahu!" in ji sarkin. "Mu ne Masu Bin Rana. Yau saura ƙiris mu kama ta a maɓoyarta."

Nomau ya ji daɗi ya sami mutanen da suka yarda da shi. Ya shiga sahu ya yi ta gudu, zare na zuba a bayansa. Can suka wuce wata kuka, sai kowa ya yi mata tsaga da wuƙa yana wucewa. Jikinta duk tsage ne.

"Ranka ya daɗe, wannan fa?"

"Duk sanda muka wuce ta mukan yi mata alama. Tun zamanin kakan kakana, wannan ne karo na arba'in."

"Yaya kuke wuce ta sau arba'in, alhali ba ku taɓa juyawa baya ba?"

"Muguwar kuka ce," in ji sarkin yana haki. "Ita ke zagayawa ta sha gabanmu."

Nomau ya ja ya tsaya. Ya so ya yi dariya, sai ya ji muryar sarkin ta yi kama da tasa a gindin marke. Ya dubi jikinsa, ashe gindin rigar duk ya tafi har gwiwa, a banza.

Ya bar su ya miƙe arewa, har ya iske wani kogi baƙi wuluk, kwance kamar mai a tasa. A bakinsa akwai jirgi, da mai fito wanda jikinsa na mutum ne kansa kuma na kada.

"Ya kai ɗan Adam, ladan fitona tambaya ce. In ka amsa, ka haye. In ka kasa, ƙannena na cikin ruwa ba su karya kumallo ba."

Ya miƙa wa Nomau ƙwarya cike da ruwa har baki, ya ce ya riƙe. Ya tokara gora sau ɗaya ya ajiye. Nan da nan gaɓa ta fara gudu baya, da itatuwanta da duwatsunta. Ruwan ƙwarya ko motsi bai yi ba.

"Wa ke tafiya?"

Nomau ɗan bakin kogi ne. Ya ce, "Mu ne."

"Idonka ya ce gaɓa ce. Ƙwaryarka ta ce muna tsaye. Wa ya gaya maka mu ne?"

"Na ga lokacin da ka tokara gora."

"Madalla, ka amsa. Ga wata kyauta, ba sai ka amsa ba. Wanda aka haifa cikin jirgi, bai ga tokara ba, bai taɓa sauka ba, shi wa zai ce yana tafiya?"

Mai fito ya yi dariya har haƙoransa suka yi ƙara. "Sauka, jinjirin jirgi." Da ya taka ƙetare, rigar ta tsaya masa a ƙugu.

Daga nan hanya ta ƙare a gindin wani rimi wanda kansa ya huda gajimare. Ya kama hawa. Ya wuce inda shaho ke kaiwa, ya wuce inda ruwan sama ke kwana. A wani reshe sai ga tsuntsaye uku masu bakin ƙarfe sun tare shi.

"Ya kai mai hawa, ba a wuce mu sai an faɗi asalin sutura. Wa ya kaɗa zaren da ke jikinka?"

Ko a nan, inda ba ɗan Adam ko ɗaya, sai bakin Nomau ya ce, "Wata mata ce a garinmu."

Tsuntsu na farko ya fizge hannun riga na dama ya haɗiye.

"Wa ya kaɗa zaren da ke jikinka?"

"Wata 'yar'uwa ce."

Na biyu ya fizge na hagu. Na uku ya gyara bakinsa yana duban abin da ya rage.

"Yayata ce!" Nomau ya yi ihu. "Ladingo, wadda ta goya ni! Tana cikin turu, kuma ni na sa ta!"

Tsuntsayen suka buɗe hanya. Ya ci gaba da hawa yana kuka, zare na sauka, har ya zamana ba abin da ya rage a jikinsa sai wando da wuyan riga, da zare ɗaya yana ja. A nan hannunsa ya kama bakin wata tabarma shimfiɗe a kan iska. Uwar Abawa tana zaune a kai tana shafa alli.

"Ka iso da ƙyar. Leƙa ƙasa."

Nomau ya leƙa. Ga duniya can a rataye, dunƙulalliya, ba abin da ya tokare ta. Daga gefe guda, nesa ƙwarai, rana tana ci kamar maƙera. Rabin da ya fuskance ta fari ne, ɗaya rabin duhu. Kuma dunƙulen yana juyawa a hankali, daga yamma zuwa gabas. Ya ga wani kogi kamar zare yana fitowa daga duhu, ya gane nasu ne. Ya ga garinsu ya mirgino bakin haske.

"Yanzu ladaninku ya gama kiran asuba," in ji Uwar Abawa. "An jima za su ce rana ta fito. Ka ga ta motsa?"

"Ban gani ba."

"Ita ma tana da tata tafiyar, amma ba ita kake aunawa da ƙafarka ba. Inuwar sandarka juyin ƙasarku take bi. In kun fuskance ta sosai ku ce tsakar rana, in kun ba ta baya ku ce ta faɗi. Taurari ma haka. Kuna wuce su, kuna cewa sun wuce ku."

"Ke ce ke murza ta?"

Ta ɗaure fuska. "Kul. Wanda ya halicce ta Shi ya murza ta, kuma bai sake kai hannu ba don ba ta taɓa gajiya ba. Ni 'yar kallo ce kamarka." Ta nuna da yatsa. "Kowane gululu yana da tsinken da yake juyawa a kai. Na wannan ba a ganinsa, amma bi inda kansa ya nuna."

Nomau ya bi da ido, sai ya ga wani tauraro can arewa.

"Shi kaɗai ne ba ya barin wurinsa a idonku, sauran suna kewaye shi. Mai kaɗi ta san abin da ba ya motsi a mazari shi ne tsakiya."

"Ashe ke kika gaya wa Yaya duk wannan."

"Ban gaya mata ko kalma ba. Mazari kawai na ba ta. Shekara da shekaru tana ganin tauraron nan a kan zanar gidanku bai gusa ba, tana ganin tururuwa a kan gululu, ta haɗa biyun. Abin da aka hau da kai sama tsirara kafin ka gani, ita daga kan tabarmarta ta gan shi."

Nomau ya rufe fuskarsa da hannu. Sannan ya ce, "Ranki ya daɗe, ki ba ni wata alama in kai musu."

"Ba ni da ita. Kuma ka saurara, don gari ya waye, yau ce kasuwa. In ka je ka ce ƙasa na juyawa, za su ce haukan na gado ne, bakin mahaukaci kuwa ba ya cire turu. In ka ce ta warke, ka ɗora ƙarya kan ƙarya, kuma za su tambaye ta, ka san ba za ta janye ba."

"To me zan ce?"

"Wannan amsar ba a sama take ba."

Ta tsinke zaren daga wuyansa ta fara naɗewa. Nomau ya ji ana zuƙe shi ƙasa, rimi da kogi da fili suka wuce kamar ƙiftawar ido, sai ga shi kwance a bakin rijiya, mazarin kusa da shi.

Haka ya shiga kasuwa, babban mutum da furfura, daga shi sai wando da wuyan riga. Mata suka kawar da kai. Mahauta suka bar nama suka biyo shi. A gindin marke ya tarar da dagaci da dattawa, ga jakin mai magani a ɗaure, ga Ladingo an kawo ta da kututturen a ƙafa, idon sawunta ya kumbura.

"Subhanallahi," in ji Dagaci. "Nomau, kai ma?"

"Ranka ya daɗe, hankalina ɗaya. A tambaye ni sunan kowa a nan da na ubansa." Ya durƙusa. Ya ɗaga murya. "Na zo in janye shaida. Ladingo ba ta taɓu ba, ba ta taɓa taɓuwa ba, kuma na san haka lokacin da na faɗa. Baƙi sun yi mini dariya, na ji kunya, na nemi abin da zan rufe jikina da shi, sai na rufe da ita. Shaidar zur na yi a kan wadda ta goya ni."



Dagaci ya daɗe yana kallonsa. "Mahaukaci ba ya tona wa kansa asiri irin wannan," in ji shi. "A cire fegi."

Aka cire. Ladingo ta zaro ƙafarta da hannu biyu.

"To batun rana fa?" in ji Dagaci. "Kai ne masaninmu."

"Yanzu da ta fita zan iya faɗa. Yadda ta ce haka yake, ranka ya daɗe. Mu ke juyawa."

Wasu suka yi dariya, amma ba kamar ta ranar ba. Wani tsohon masunci ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ni dai in na tura jirgi, gaɓa nake gani tana gudu."

Dagaci ya ce, "Ta juya ko kada ta juya, wannan tsakaninku ne. Amma bakin da ya yi wa yayarsa shaidar zur ba zai ƙara gaya mana lokacin salla ba. A cire sandarsa daga ƙofar masallaci."

Nomau ya ce, "An yi daidai."

Ya so ya goya Ladingo zuwa gida, ta ƙi. Ta dafa bango ta tafi da ƙafarta, yana bin ta a baya. Kwana huɗu yana kai mata ruwan zafi, yana shara, yana zama a bakin ƙofa, ba ta ce masa ci kanka ba.

A rana ta biyar da hantsi ta fito ta zauna a inuwar zana. Ya ajiye mazarin a gabanta. Ta shafa alli ta murza. Ya juya, ya juya, ya yi layi ya faɗi, kamar mazarin kowa. Ta dube shi, ta sake murzawa. Haka ta yi ta yi, murza, faɗi, murza, faɗi, Nomau yana jin kowace faɗuwa a ƙirjinsa. Inuwar zana ta yi ta janyewa har zafi ya taɓa ƙafarta mai ciwo.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ja tabarmar nan. Mun juyo cikin rana."

Ya ja ta zuwa gindin bango. Da ya sunkuya zai tashi, sai ta kama kafaɗarsa, ta fara aunawa da ɗani, daga wannan gefe zuwa wancan, tana motsa baki.

"Yaya, ban cancanta ba."

"Wa ya ce ka cancanta? Tsaya wuri ɗaya. Wannan karon sabuwar rigar za ta daɗe kafin ta samu, amma ba zan bar ka kana yawo a gari haka kana ba ni kunya ba."